Yadda Ake Karatun Buhun Citta a Matakin Digiri na Biyu

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin Kafanchan, Kwoi, Kachia da Kubacha. Me ya sa mutumin da ya shekara talatin yana noma citta, wadda ake shan shayinta a Dubai ana ɗura ruwanta a kwalba a Turai, har yau rufin ɗakinsa yake yoyo? Wanda bai yi karatu mai zurfi ba yakan amsa ta a numfashi guda. Wani ya ce dillalai ne, wani ya ce gwamnati ce, wani ya ce haka kasuwa take. Waɗannan amsoshi suna da aibi uku: gajeru ne, kyauta ake ba da su, kuma ba su da manazarta. Saboda haka ilimi bai san da zamansu ba.

Amsar da ilimi ya yarda da ita tana cikin wani fanni da ake kira siyasar tattalin arzikin duniya. Aikinsa shi ne bin diddigin yadda mulki da kasuwa suke cuɗanya tsakanin ƙasashe: wa ke kafa dokar ciniki, da kuɗin wa ake awo, wa ke tatsa, wa ke riƙe da ƙaho. A matakin digiri na biyu ake karanta shi. Ka kwantar da hankalinka, zan bi da kai daki-daki. In ka kiyaye matakan nan yadda aka jera su, cikin shekara biyu, wato huɗu, amsar za ta zo hannunka a ɗaure cikin bango mai kauri.

Mataki na ɗaya: ka nisanci matsalar

Ba a nazarin abu ana tsaye a kansa. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da harabar karatu a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona da nazarin muhalli, kimiyyar siyasa kuwa tana can Kaduna. Tsarin ya yi daidai. A Kafanchan ake koyon yadda ake fito da citta daga ƙasa. Sanin inda kuɗinta yake shiga kuma sai an je birni. Don haka Kaduna za ka nufa, ko Zariya, ko Jos. Gwargwadon nisanka da gonar, gwargwadon fahimtarka da ita.

Kafin ka hau mota, ka biya ta tashar jirgin ƙasa ka ɗan tsaya. A 1927 ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe a nan da na Kaduna da na Jos, garin kuma ya bunƙasa a gefen mahaɗar. Kwal ya hau arewa, kuzar Jos ta gangara teku. A wannan zamanin ne Turawan mulki suka ƙarfafa noman citta na sayarwa a kudancin lardin Zazzau, tunda da kuɗi ake biyan haraji, ba da acca ba. Ka dubi inda digar ta dosa. Ba a shimfiɗa ta don Kwoi ta kai wa Kachia ziyara ba. Bakin ruwa ta nufa. Kakanka ya lura da haka ba tare da tallafin karatu ba, amma ba a kafa hujja da shi, domin bai wallafa ba. Wanda za ka ambata shi ne Walter Rodney, ɗan ƙasar Guyana, wanda ya lura da abin a 1972.

Sai batun takardu: fom, sakamakon digirin farko, takardar kammala bautar ƙasa, wasiƙun shaida daga malaman da suka manta da kai, da kuɗin rajista. Baba ne zai biya. Tunda rajista ba ta jiran farashi ya tashi, zai sayar da busasshiyar cittarsa a tsakiyar kaka, lokacin da kowa ya fito da tasa kuma ba ta da daraja. Kada wannan ya dame ka. Ka riga ka fara tattara bayanai.

Mataki na biyu: ka san mazhabobi uku

Fannin ba tsoho ba ne. A 1970 wata Baturiyar Ingila, Susan Strange, ta yi ƙorafi a rubuce cewa masana tattalin arziki da masana hulɗar ƙasashe sun yi watsi da juna. Shekara guda bayan haka Shugaba Nixon ya raba dalar Amurka da zinariya, ya warware ƙullin da ƙasashe 44 suka yi a Bretton Woods a 1944. Tsakanin 1973 da 1974 farashin ɗanyen mai ya ninka har huɗu. Daga nan jami'o'i suka amince cewa akwai siyasa a cikin kuɗi, abin da kafin lokacin 'yan kasuwa da matan aure kaɗai suka sani. A 1987 Robert Gilpin ya kasa ra'o'in fannin gida uku, kuma a kan wannan kason ake jarrabawa.

Mazhaba ta farko ita ce ta masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta. Limamanta su ne Adam Smith, 1776, da David Ricardo, 1817. Ricardo ya kawo misalin ƙasashe biyu da kaya biyu, Ingila da Fotugal, tufafi da giya. Ya nuna cewa ko da Fotugal ta fi Ingila iya yin duka biyun, kowace za ta ci riba in ta tsaya a kan abin da ya fi mata sauƙi idan aka gwada da ɗayan, sannan su yi musaya. Ka ɗora wannan a kan gida. Kudancin Kaduna yana da ƙasa da ruwan da nau'o'in citta irin su tafin giwa da yatsun biri suke so, saboda haka ya noma citta. Jamus tana da injiniyoyi, saboda haka ta ƙera injin da ke tatse man cittar. Kowa ya ci riba. Ra'in bai taɓa cewa ribar za ta zo daidai wa daida ba, don haka ba a tuhumarsa da abin da bai faɗa ba. In Baba ya yi ƙorafi, ka bayyana masa cewa jimillar arzikin duniya ta ƙaru, kuma shi ma a duniyar yake.

Mazhaba ta biyu ta masu kishin ƙasa ce. Alexander Hamilton ya kafa tushenta a Amurka a 1791, Friedrich List ya gina ta a Jamus a 1841. List ya lura cewa Ingila ta raini masana'antunta a bayan katangar harajin kwastam, sai da suka yi ƙarfi sannan ta fara wa'azin a buɗe iyakoki. Darasin shi ne dole hukuma ta kare jaririyar masana'anta har ta girma. Ra'in bai ƙayyade shekarun yaye ba. Misalanka a gida suna da yawa. Hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda aka gada daga Turawa aka rushe a 1986, sun riƙa sayen gyaɗa da auduga da koko a hannun manomi da araha, su sayar a waje da tsada, su adana masa bambancin don amfanin kansa. Robert Bates ya bi sawun irin wannan bambancin a 1981, ya same shi a birane. Haka kuma an rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don kare shinkafar gida, aka kare ta sosai har ta yi wa talaka nisa.

Mazhaba ta uku ta 'yan Markisanci ce da masu ra'in dogaro. A 1950 Raúl Prebisch na Ajantina da Hans Singer, kowa daban, suka nuna cewa a tsawon zamani darajar ɗanyen kaya tana zaizayewa idan aka auna ta da kayan masana'anta. Baba yana da irin wannan lissafin, na buhu nawa ne ke sayen bandir ɗin kwano a da, nawa ne yanzu, sai dai nasa ba shi da jadawali. Andre Gunder Frank a 1966 da Immanuel Wallerstein a 1974 suka zana taswirar: akwai cibiya, akwai gefe, akwai mai ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can. A wajen Frank, kowane gefe cibiya ne ga wanda ke ƙasa da shi. Ka bi sarƙar a hankali. Legas gefe ce ga Rotterdam. Kafanchan gefe ce ga Legas. Ƙauyenku gefe ne ga Kafanchan. Maigida cibiya ne a gidansa. Ka ci gaba da gangarawa har ka isa wurin wanda ba shi da gefe ko ɗaya. Za ka tarar da ita zaune a kan tsohon buhu, da wuƙa a hannu, tana tsaga citta. Nan ne iyakar tsarin duniya, kuma Mama kake kiranta.

Maganin da Samir Amin na Masar ya bayar shi ne gefe ya kwance kansa daga igiyar cibiya, ya sa bukatun gida a gaba. Ka riƙe wannan da kyau, tare da lura cewa ba a tuwo da citta.

Yanzu sai zaɓe. Ɗalibi mara ƙwarewa yakan ɓata zango guda yana neman wace mazhaba ce gaskiya. Wannan ba ya cikin manhaja. Abin nema shi ne wace ce ta jagoran bincikenka. Ka shiga ofishinsa, ka gaishe shi, ka dubi kanta. A shekarun 1980 Zariya ta tara irin su Yusufu Bala Usman, Patrick Wilmot da Björn Beckman, kuma ɗalibansu sun zama farfesoshi. In ka ga littafin Claude Ake na 1981 ya sha jiki har an naɗe bayansa da salatif, to kai ɗan ra'in dogaro ne tun haihuwa. In ka ga jakar taron bita mai tambarin Bankin Duniya rataye a kujera, kasuwa za ta yi halinta. In ka ga duka biyun, ka ce za ka yi haɗaka.

Mataki na uku: ka iya hango abu bayan ya faru

Ana gane ƙarfin ra'i ne idan aka gwada shi da shekara mai wuya, kuma 2023 ta isa gwaji. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai. A watan Yuni aka saki naira; dalar da take kan naira 460 da 'yan kai a hukumance ta kama hanyar da ta kai ta sama da 1,500 a 2024. Da damina ta yi nisa kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a. Ganye ya yi rawaya ya kwanta, aka tona ƙasa aka tarar da ruɓa. Farashin buhu ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Manomi kuma ba shi da abin sayarwa, har irin shuka ya gagara.

Ga yadda za ka rubuta. A mazhaba ta farko, kasuwa ta yi aikinta ba tangarɗa: kaya sun yi ƙaranci, farashi ya tashi. Faɗuwar naira kuma alheri ce ga mai fitar da kaya waje, tunda kayansa sun yi wa baƙo araha. Ke nan a ƙa'ida Baba bai taɓa yin arziki kamar na wannan shekarar ba. Cewa taki da maganin feshi da dizal duk dala suke bi, da cewa rumbunsa babu komai, waɗannan ana sa su a ƙarƙashin taken ƙalubale. A mazhaba ta biyu, laifin hukuma ne da ba ta tanadi ingantaccen iri da malaman gona ba, kuma maganin shi ne kwamiti. A ta uku, wannan shi ne ƙarshen duk yankin da aka ɗora wa amfanin gona guda don bukatar wasu.

Ka lura cewa duka ukun sun gaskata. Da a ce citta ta yi albarka har ta rasa mai saye, farashi ya faɗi warwas, da duka ukun sun sake gaskata. Wannan ita ce alamar fanni ya nuna.

Don ka ƙara wa babin nauyi, ka kawo misali biyu. Na farko, 2022: Rasha ta shiga Ukraine, sinadarin fotash da ake haɗa taki da shi ya yi wuya, buhun taki ya tashi a Zonkwa. Robert Keohane da Joseph Nye sun yi wa irin wannan suna tun 1977, dogaro da juna. Baba ya dogara da Mosko, Mosko kuma ba ta san da shi ba; masana sun tanadi wannan ma, suna cewa dogaron ya karkata. Na biyu, 1985: Janar Babangida ya buɗe muhawara a kan karɓar bashin Asusun Lamuni na Duniya, jama'a suka ce ba sa so saboda tsaurin sharuɗɗansa, gwamnati ta saurare su ta ƙi bashin. A 1986 aka aiwatar da sharuɗɗan ba tare da bashin ba. Ana kiran wannan 'yancin kai wajen tsara manufa.

Mataki na huɗu: ka nemo giɓi

Babi na biyu shi ne bitar ayyukan da suka gabata. Manufarsa ita ce ka nuna cewa mutum tamanin sun yi rubutu a kan batun, dukansu sun yi ƙoƙari, amma babu wanda ya yi shi a ƙaramar hukumarku tsakanin shekarun da ka zaɓa. Wannan shi ne giɓi. In wani ya riga ka, ka matsar da shekarun.

A nan za ka sake haɗuwa da Susan Strange. A 1988 ta ce iko na gaskiya yana hannun wanda ya riƙe ginshiƙai huɗu: tsaro, samar da kaya, kuɗi da sani. Ita Amurka take nufi. Kai kuwa ka je kasuwar Kwoi ka tsaya kusa da sikeli. Dillali ya san hanyar da mota za ta bi yau da wadda ba a bi bayan la'asar. Ginshiƙi na ɗaya ke nan. Sito nasa ne, sikeli nasa ne, buhunan ma nasa ne, na biyu. Shi ya ba Baba rancen taki da kuɗin ƙwadago tun watan Afrilu, a kan za a biya da citta, na uku. A wayarsa akwai lambar mai fitar da kaya a Legas da ta wani a Dawanau, kuma ya san farashin safiyar yau, na huɗu.

Ka kalli aikinsa da kyau. Zai zura hannu can tsakiyar buhu, ba sama ba, ya zaro tsagi guda. Zai karya shi kusa da kunne ya ji ko ya yi ƙas. Zai shinshina, ya ɗan ciza, ya tofar, ya dubi nesa ya ce, "Baba, ba ta gama bushewa ba." Sai a rage kilo biyu. Abin da ka gani cikin daƙiƙa ashirin shi ne darasin mako uku a kan shingayen ciniki waɗanda ba na haraji ba. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, tana da yarjejeniya sukutum a kan haka, kuma da irin wannan hujja ce Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari. Bambancin kawai shi ne Turai tana da ɗakin gwaji, dillali kuma haƙori.

Ba za ka sa shi a manazarta ba. A kundinka sunansa mai ba da bayani na bakwai.

Mataki na biyar: ka koma gida a matsayin baƙo

Yanzu ka cancanci komawa wurin da ka baro. Za ka je da takardar tambayoyi. Adadin mutanen da za ka tambaya ana fitar da shi ne da ƙa'idar lissafin da Taro Yamane ya bayar a 1967. Kyawunta shi ne ko manoman dubu ɗari ne ko miliyan goma, amsar kusan 400 ce. Duk da haka dole ka nuna lissafin.

Kowace tambaya tana da gurbi biyar: na yarda ƙwarai, na yarda, ba ni da ra'ayi, ban yarda ba, ban yarda ba ƙwarai. Da Turanci za ka tsara ta, ka juya ta zuwa Hausa, wani ƙane ya juya ta zuwa Jju ko Tyap ko harshen Ham, amsar kuma ta biyo hanyar da tambayar ta bi ta koma Turanci. Abin da ya tsira daga wannan tafiya shi ake kira sakamako.

Ka je da hunturu, lokacin da aka baza citta a kan duwatsu da gefen kwalta, ƙamshinta yana shiga ido. Za ka sami Mama inda muka bar ta a mataki na biyu, yatsunta sun yi jawur da yaji. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka karanta mata bayanin cewa ba a tilasta mata ba kuma za a ɓoye sunanta, sannan ka ce, "Mama, kin yarda cewa dunƙulewar kasuwannin duniya ta raunana ƙarfin cinikinki?" Za ta ɗago ta dube ka, ta dubi takalminka, ta ce, "Ɗana, matsa can, kana taka min citta." Ka sa alama a gurbi na uku.

Wani dattijo zai zaunar da kai ya ba ka tarihin farashi tun zamanin sule da sisi, da shekarar da aka yi asara, da sunan wanda ya ci amanar ƙungiyar manoma, da abin da ya kamata a yi. Jawabin zai ɗauki sa'a biyu, kuma babu gurbinsa a takardar. Ka yi masa godiya.

Mataki na shida: ka jira

Wannan shi ne mataki mafi tsawo, kuma ba ya bukatar komai daga gare ka. Za ka miƙa babi uku. Za a ce Farfesa ya yi tafiya. In ya dawo, za ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Ranka ya daɗe, na zo gaisuwa ne kawai," shi ma ya san ba gaisuwa ba ce, kai ma ka sani. Aikin zai dawo da jan biro a shafi shida na farko, inda aka gyara faɗin gefen takarda. Ka gyara, ka sake bugawa, ka sake miƙawa.

A tsakani za a iya shiga yajin aiki. Na malaman jami'o'i a 2020 ya kai wata tara; na 2022 ya fara a Fabrairu ya ƙare a Oktoba. Kada ka ɗauke shi hutu. Yadda ƙasa mai bashi take raba kasafinta tsakanin masu binta da makarantunta yana cikin manhajarka, kuma yanzu kana nazarinsa ta hanyar da masana ke kira lura daga ciki. A wannan lokacin Baba zai shuka, ya rufe kunya da ganye, ya yi noma, ya tona, ya shanya, ya sayar, har zagaye uku. Shi aikinsa ba ya bukatar sa hannun kowa, shi ya sa ba a ba shi shaida.

Mataki na bakwai: ka fitar da kaya waje

Ana so ka wallafa maƙala. Abin da ke hannunka ɗanyen kaya ne: an tono shi a Jaba, an tsaga shi babi-babi, an shanya shi a jadawali. Masana'antun da ke sarrafa irinsa suna Landan, New York da Amsterdam, wadda ba ta da nisa da tashar Rotterdam inda cittar Baba take sauka. Za ka aika. A can ma akwai mai zura hannu tsakiyar buhu, ana ce masa mai bita na biyu, kuma zai ce bayanan suna da ban sha'awa amma ba su ƙara wa ra'i komai ba. Wato ba su gama bushewa ba. Inda aka karɓa kuma, sau da yawa akwai kuɗin wallafa, da dala.

Kada ka karaya, akwai wata hanyar. Wata rana wani masani zai zo daga waje ya yi mako biyu. Kai za ka nemo masa mota, ka yi masa tafinta, ka kai shi wajen dattijon nan mai jawabin sa'a biyu. Bayan shekara biyu maƙalarsa za ta fito da sabon ra'i a kan ƙananan manoma da sarƙar cinikin duniya. Sunanka yana nan a wajen godiya, tare da na direba. In kana son karantawa, dala talatin ko arba'in ne. Ka biya, domin yanzu ka sami madogarar da za ka ambata a kan gonar mahaifinka. Robert Cox ya nuna tun 1981 cewa babu ra'in da ba shi da uban gidan da yake yi wa aiki. Shi ma za ka ambace shi, daga hoton takarda da aka ɗauka daga wani hoton takarda.

Mataki na takwas: ka kare, ka ba da shawara

Ranar kare kundi za a zo da mai jarrabawa daga wata jami'a. Ka sa kwat, ka tanadi ruwa da abin taɓawa. Za a tambaye ka abin da ka gano. Ka miƙe ka ce binciken ya gano abubuwa uku da ke tauye manomin citta: mamayar masu shiga tsakani, raunin hukumomi, da yanayin tsarin kasuwar duniya. In wani ya ce kamar ya taɓa jin haka a tashar mota, ka nuna masa manazarta. Shafi goma sha ɗaya ne.

Shawarwari ba su da wuya, domin ba sa tsufa. Gwamnati ta kafa masana'antar sarrafa citta a yankin. A ƙarfafa ƙungiyoyin manoma. A samar da rance mai sauƙi. A ci moriyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a 2019. A wayar da kai. Kowace jimla ta fara da "ya kamata", kuma kada ka faɗi wanda zai biya.

Da ka dawo gida Baba zai yanka kaza. Bayan an ci, zai jawo kujera kusa da kai ya rage murya ya ce, "To, malam, buhu goma sha biyu ne a ɗaki. In sayar yanzu ko in ajiye zuwa damina?" Amsar da ta dace da matsayinka ita ce, "Baba, ya danganta." In ya nemi sanin da me ya danganta, ka lissafa masa: damina a Indiya da Sin, farashin dala, kuɗin dakon jirgin ruwa, da manufofin Babban Banki. In ya matsa, ka sanar da shi cewa tambayar ta fita daga farfajiyar bincikenka, amma ka ba da shawarar a yi nazarinta nan gaba. Zai gyaɗa kai da girmamawa. Da safe zai je ya tambayi mai ba da bayani na bakwai.

Saura aiki. Mai irin takardarka yakan samu koyarwa na wucin gadi, ko kuma, in an dace, wata ƙungiyar raya ƙasa ta ɗauke shi mai ba da shawara. A nan ne ilimin yake komawa ga jama'a. Za a shirya bitar kwana uku a wani otal, a gayyato manoma arba'in daga Jaba da Kachia, a rataya wa kowa kati a wuya. Kai za ka tsaya gaban majigi ka nuna musu, da kibiyoyi masu launi, hanyar da citta take bi daga gona zuwa kasuwa, da wuraren da daraja take ƙaruwa. Ka yi magana a hankali, domin batun sabo ne a gare su. Ka ware minti goma na tambayoyi, ka haɗa su duka ka amsa a dunƙule. Kafin a tashi a ɗauki hoto a gaban kyallen taron, tambarin mai ba da tallafi ya fito sosai. Sannan ka tabbatar kowa ya sa hannu a takardar mahalarta, kwafi biyu, da lambar waya. In babu ita ba a biyan kuɗin mota.